Gyaɗar Wasa da 'Yan Kunnen Inna

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina cewa a raina ni me zai kai ni, sai ga shi yau ni ce riƙe da biro. Ina ta dariya ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir. Don Allah a sakaya sunana, ni ma ba zan kira sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ban daɗe da gama sakandare a garinmu Gwandu ba. Yarinya ce ni matsoraciya, irin wadda ko ƙadangare ya faɗo daga katanga sai ta yi salati. Abu ɗaya nake taƙama da shi, lissafi. A ajinmu ni ake kira in hau allo, a gida kuma ni Inna take turawa kasuwa don ba a taɓa cutata a canji ba. Da zaman jiran sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya yi tsawo, sai Baba ya yarda in tafi Kalgo gidan ƙanwarsa, Goggo, in riƙa koyon kwamfuta a wani shago. Ranar da zan tafi ban iya cin abinci ba don murna.

Goggo tana da ɗiya da ta girme ni, ina ce mata Adda, tana karatun ƙididdiga a jami'ar da ke nan Kalgo. Taubashiyata ce, saboda haka ba ma haɗuwa ba a yi tsiya ba. Tun a ƙofar gida ta tare ni da cewa ga baƙauyar Gwandu ta iso, a ɓoye cokula kar ta ɗauka makamai ne. Ni kuma na ce mata ai zuwa na yi in duba baiwata, in ga ko karatun ya sa ta iya dama fura. Haka muke, kuma duk duniya bayan Inna babu wadda nake so kamarta.

Ita ce ta fara kai ni ɗakin ƙawayenta biyu da suke haya kusa da makaranta. Ɗaya 'yar Zuru ce, Kirista, mai fara'a da son ciye-ciye. Ɗayar 'yar Maruda ce, shiru-shiru, wadda sai ka yi mata magana uku kafin ta mayar da ɗaya. Idan ba su da darasi da rana sukan shimfiɗa tabarma su yi wani wasan karta da Adda ta koyo a waya, wai shi poka. Ba da kuɗi suke yi ba, da soyayyar gyaɗa ne. A sayo mudu, a raba wa kowa daidai, a ajiye kwanon silba a tsakiya. In an tashi kuma a haɗe gyaɗar wuri ɗaya a cinye. Da na ce wa Adda ni fa ina tsoron caca, sai ta ce ina cacar take a abin da mai nasara da wadda aka cinye duk ciki ɗaya za su zuba shi, in zauna kawai in ga yadda darasinsu na jami'a yake tafiya da ƙafafunsa.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Kowa za a ba ta karta biyu a rufe. Kafin a shimfiɗa sauran kartocin a tsakiya, wadda ta ga hannunta ya yi kyau sai ta zuba gyaɗa a kwano. Ta gaba ko ta bi da irin abin da aka zuba, ko ta ajiye kartarta ta haƙura, ko kuma ta hau kai ta ƙara. To wannan ƙari a kan ƙari shi ne ya riƙa rikita ni. Na zuba tawa ina jin daɗi, wata ta ninka, sai in ji zuciyata ta tsinke, in rasa ko in gudu ko in tsaya. Ran nan na ajiye sarki biyu don tsoro, 'yar Zuru ta buɗe nata, ashe bakwai da biyu ne. Ta yi ta birgima a tabarma tana cewa a kawo mata ruwa za ta shiɗe.

Da muka koma gida Adda ta zaunar da ni a gindin darbejiyar tsakar gida ta ce za ta raba ni da abin kunya. Ta ce kuskurena shi ne ina ƙoƙarin gane karta biyun da ke hannun mutum, alhali ni ba boka ba ce. Wai kada in nemi saniya ɗaya, in dubi garken gaba ɗaya. Kowace mace tana da garken hannuwan da za ta iya hawa kan ƙari da su. Garken 'yar Zuru ya cika daji, akwai shanu, akwai awaki, har da kaji, domin ita in yunwa ta taso mata ma ƙari take yi don a gama da wuri a ci gyaɗa. Garken 'yar Maruda kuwa shanu biyu ne tak, as biyu, wato kartar da ta fi kowace girma, ko sarki biyu, ba ta taɓa ƙari da abin da bai kai haka ba. To abu na farko, in tambayi kaina a cikin sau nawa hannuna zai doke garken wannan mutum. Abu na biyu kuma in dubi kwano. Ta ɗebo tsakuwoyi ta nuna mini. In na zuba uku, aka mayar tara, to shida zan cika, kwano ya zama sha takwas. Shida a cikin sha takwas kashi ɗaya ne cikin uku. Ke nan in hannuna zai ci fiye da sau ɗaya a cikin uku a kan garkenta, in bi. In bai kai ba, in ajiye, ko da kartar ta yi mini kyau kamar amarya. In kuwa na fi garken nata ƙarfi nesa ba kusa ba, in sake hawa kai.

Wallahi ji na yi kamar an kunna fitila a cikin kaina. Abin da nake so ne tun ina ƙarama, lissafi, amma yau ga shi da fuska da dariya. Ba a jima ba na zama abin tsoro a ɗakin nan. 'Yar Zuru ta hau ƙarina, in bi ta da takwas biyu ina murmushi, ta ce wannan yarinya aljanu ne da ita, a mayar da ita Gwandu a yi mata ruƙiyya. 'Yar Maruda ta miƙa hannu za ta ƙara, tun gyaɗar ba ta sauka a kwano ba mu duka mun watsar da karta muna yi mata sannu da arziki, ita kuma ta rufe fuska da mayafi tana dariya ƙasa-ƙasa. Akwai ranar da 'yar Zuru ta samu as biyu, ta zo ƙari, ta laluba gabanta babu ko ƙwaya, ashe ta cinye jarinta ba ta sani ba. Mun yi dariya har mai gidan hayar ta leƙo ta tambaya ko biki ake yi ba a gayyace ta ba. Ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar watannin nan ba, kuma ko yanzu ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba.

Ana haka sai wata mata ta shigo cikinmu. Tana yawo ɗaki-ɗaki tana sayar wa ɗalibai mayafai da turare da takalma, kowa Anti yake ce mata. Ta tarar muna wasa, ta ce ita ma a koya mata. Anti ba ta iya komai ba, ko in ce haka muka gani. Da kowace irin karta hawa take, tara da huɗu, goma da uku, ta buɗe tana tafa hannu tana cewa ita dai ba ta da sa'a. Garkenta ya fi na 'yar Zuru faɗi. Ni ce na fi kowa cin gyaɗarta, kuma ni ta fi so. Ƙanwata 'yar lissafi take ce mini, tana cewa kai irin nawa asara ne a ƙare shi a kan gyaɗa.

Ita ta kawo shawarar a riƙa sa 'yan ƙananan kaya don wasan ya yi armashi, ɗan turare, ɗan kwali, abin ɗaure gashi. Adda ta ce sam, daga ranar da abin da ke kwano ya zama ba a cinye shi tare to sunansa ya canja, ta ɗauke ƙafa, ta kuma ja mini kunne. 'Yar Maruda ma ta koma kallo. Ni kuwa na ce a raina ai ba sa'a nake bi ba, ilimi ne. Sai na riƙa zuwa lokacin da na san Adda tana aji. Na ci mayafi ruwan hoda, na ci turare biyu, na ci wani takalmi mai duwatsu da na ɓoye a ƙasan jakata. Duk ranar da na ci, da rawa nake komawa gida, amma in na zo alwala sai in ji raina bai kwanta da abin ba.

A tsakiyar wannan aka sa ranar auren yayana, na je Gwandu. Inna tana da 'yan kunne na gwal, manya, masu murɗi a baya, waɗanda ta gada daga mahaifiyarta. Ba ta sa su sai a babban biki, kuma su ne kaɗai abin da ya rage mata na tsohuwar. Murɗin ɗaya ya saki, sai ta ƙulle su a bakin ɗan kwali ta ba ni, ta ce in biya Birnin Kebbi wurin maƙerin gwal a gyara, in riƙe su har in dawo biki, don ta san ni ba na wasa da amana. Maƙerin ya gyara, ya wanke su suka fito kamar sababbi, ya ce ya ɗan tsaurara murɗin don kada su ƙara faɗuwa. A cikin mota zuwa Kalgo na kwance ƙullin na sa su a kunnena, wai in ji yadda ake ji. Daga tasha ban wuce gidan Goggo ba, ɗakin ƙawayen nan na nufa, don a gani.

An gani kuwa. 'Yar Zuru ta yi guɗa, ta ce Hajiya ta sauka. Anti ta kama haɓata ta juya fuskata dama da hagu, ta ce tsohon gwal ne, irin wanda ba a samu yanzu. Bayan azahar ne, ba wuta, zafi kamar a tanda. Anti ta fito da sabuwar karta daga jakarta ta ce tamu ta tsufa, ita ta raba. Na ɗaga gefen nawa na leƙa. Sarauniya biyu. A wasan nan hannu biyu ne kaɗai suka fi wannan, as biyu da sarki biyu. Na ji daɗi har cikin yatsun ƙafata. Na tura mayafin da turarukan da na ci kusa da kwano. 'Yar Zuru ta ajiye.

Anti ta yi dariya ta ce yau dai ta gaji da cin da yarinya take yi mata, a yi ta ta ƙare. Ta sa hannu a wuya ta ciro sarƙa mai kauri, ta zare zobe, ta saka su a kwano suka yi ƙara. Ta ce ba abin da zai bi wannan a ɗakin sai abin da ke kunnena, kuma in duba da kyau, nata ya ninka nawa. Wai ita ba ta damu ba, ƙanwarta ce, in na ci in je bikin yayana da sarƙa in bar 'yan Gwandu da baki buɗe.

Nan take kaina ya yi lissafin da ya saba. Nata biyu, nawa ɗaya, kwano uku, sau ɗaya cikin uku kawai nake bukata. Sarauniya biyu a kan garken Anti mai kaji da awaki kuwa sun fi ƙarfin sau biyu cikin uku. Ban ga ta inda zan faɗi ba. Har na hango kaina ina ɗaura wa Inna sarƙa a wuya. 'Yar Maruda ta kira ni a hankali ta ce ba na Innarki ba ne, na ce mata aro kawai zan yi na minti ɗaya. Na kai hannu kunnen dama, ya kwance, na ajiye shi a cinyata. Na kai hannu na hagu, wanda aka gyara, ya ƙi.

Na murɗa, na murɗa, yatsuna suna santsi da zufa. Maƙerin nan ya ɗaure shi tamau. Anti ta matso ta ce kawo in cire miki, sai na ga hannunta ya riga maganarta isowa. Na ce ta bari zan iya. To a cikin wannan ɗan lokaci da nake kokawa da murɗi ne muryar Adda ta dawo mini, tana tambayata garken wa nake dubawa. Sai na gane garken da na yi lissafi da shi na ranakun gyaɗa ne. Na shiga tuno wasanninmu tun da aka fara sa kaya. Anti tana bi, tana ajiyewa, tana barin ƙananan abubuwa su zo hannuna, amma ban tuna rana ɗaya da ta hau kan ƙari kafin a shimfiɗa karta ba. Yau ce ta farko, ranar da gwal ya shigo ɗakin, da kartar da ta kawo, kuma ita ta raba. Macen da take jayayya da ɗalibai a kan ragin kuɗin ɗan kwali ba za ta sa sarƙarta a kan tara da huɗu ba. Garkenta na yau irin na 'yar Maruda ne, shanu biyu. Kuma Adda ta sha gaya mini sarauniya biyu a gaban as biyu ko sarki biyu da ƙyar suke cin sau ɗaya a cikin biyar. Ɗaya cikin biyar bai kai ɗaya cikin uku ba.

Na saki kunnen hagu, na ɗauki na dama na damƙe a tafin hannu har ya soke ni, na tura kartata na ce na ajiye. Anti ta ce wasa nake yi. Ta ce ashe duk kurin lissafin na banza ne, matsoraciya ce ni, baƙauya, an ba ni arziki a faranti na ƙi. Fuskar nan mai fara'a ta koma wata iri da ban taɓa gani ba. Na ce e, na yarda, ni matsoraciya ce tun ina goye. Ta kai hannu za ta cusa kartarta cikin sauran, sai 'yar Zuru, Allah ya saka mata, ta yi wuf ta buɗe su a fili tana cewa ai sai mun ga abin da aka tsorata Hajiya da shi. As biyu ne.

Sai 'yar Maruda, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta miƙe ta ce wa Anti ta kwashe kayanta, da mayafin da turaren duka, kada ta ƙara taka ƙofar nan. Anti ta kwashe ta fita. Na zauna ina kuka ina dariya lokaci ɗaya, 'yar Zuru ta rungume ni tana tsalle tana cewa yarinyar nan ta ajiye sarauniya biyu, a rubuta a tarihi. A haka Adda ta shigo ta same mu. Da ta ji abin da ya faru ta yi mini faɗan da ban taɓa sha ba, har da hawayenta. Da ta huce kuma ta dungure mini kai ta ce baiwarta dai ta ci jarrabawa, amma saura ƙiris ta ci ta da 'yan kunnen Inna. Takalmin mai duwatsu ita ta mayar wa matar washegari. Ni ko hanyar ban ƙara bi ba. Har yau ban sani ba ko ta shirya kartar ne ko sa'a ce ta zo mata, ban ma sani ba ko sarƙar nan gwal ce. Wannan shi ya fi tsorata ni, domin duk lissafin da nake taƙama da shi a kan maganar bakinta na ɗora shi.

An yi bikin yayana lafiya, gida ya cika, 'yan Kalgo suka zo mota guda, har da 'yar Zuru da ta ci waina ta ce ita a Gwandu za ta yi aure. Da safen ɗaurin aure Inna ta kira ni ɗaki, ta sha sabuwar atamfa, ta ce wannan maƙeri ya cika ƙarfin hannu, ta kasa murɗa na hagu, in zo in sa mata. Na tsaya a bayanta ina murɗawa, hannuna yana karkarwa. Ta dube ni ta madubi ta ce mene ne nake ɓari haka kamar ni ce amaryar. Na ce murna ce, Inna. Kuma ban yi ƙarya ba. Ta juya kai, gwal ɗin ya ɗauki haske, ta ce yau ji take kamar tsohuwarta tana wurin. Na fita bayan ɗaki na yi sujada a kan ƙasa, da kwalliyata da komai.

Na yi istigfari, ina kuma kan yi. Karta na bar ta, ko ta gyaɗa, ko da yake ina kewar dariyar ɗakin nan. Wani lokaci ina zaune lafiya sai in ji ƙarar sarƙa a kwanon silba, gabana ya faɗi, in kai hannu kunnena.

'Yan'uwana mata, musamman masu jin kansu yana ja kamar yadda na ji, abin da na koya shi ne mai son cutar ka ba ta wajen jahilcinka yake zuwa ba, ta wajen abin da kake taƙama da shi yake zuwa. Matar nan ta ɗauki makonni tana ciyar da ni gyaɗa da turare don ta koya mini garken ƙarya. Lissafin Adda gaskiya ne, shi ya nuna mini in ajiye, amma da na yi shi tun daga bakin ƙofa da ban zauna ba sam, domin babu wani kwano da zai cika har ya kai a sa amanar uwa a ciki. Duk wasan da aka fara sa abin da ba za a cinye tare ba, ku tashi, ko kuna ci. Kada ku jira sai kun kai hannu kunne. Ni maƙeri ya tsaurara mini murɗi, kuma ba kowace ce za ta samu wannan minti ɗayan ba.